Bawa Tangaraho da Tsokar da Aka Naɗa wa Sarauta

Ku da kuka zauna Kaura Namoda kun san laimar Bawa Tangaraho, amma a cikinku babu wanda zai rantse ya taɓa ganinta a buɗe. Baƙa ce mai mariƙin katako, kullum a naɗe a hammatarsa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya za ka hango shi tafe daga wajen tashar jirgi, ya jiƙe sharkaf, ita kuwa laimar ya cusa ta cikin riga kada ɗigo ya taɓa ta.

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce. Saboda haka abin da wasu ke faɗa a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗa, duk da ya ba ni shekara ashirin da wani abu. Ran nan ya shigo shagona na ɗinki yana ɗigar ruwa, na ce, "Yaya Bawa, wai wagga laima aure za ka yi mata da kake tattalinta hakanga?"

Ya dube ni irin duban da ake wa maras lafiya. "Sani, ka san ubanta?"

"Uban wa?"

"Uban kalmar. Turawa na ce mata umbrella. Hannun mutanen Italiya sunka karɓo ta, ma'anarta 'yar ƙaramar inuwa. Inuwa fa. Don rana anka yi ta, ba don ruwa ba."

"To mi yah hana ka buɗe ta cikin rana?"

"Rana na cin launi," in ji shi, ya cire hula ya matse ta kusa da yadin mutane.

Wannan tambaya, "ka san ubanta?", ita ce kusan sallamarsa. Ka ce bokiti, ka ce kwalbati, ka ce hankici, sai ka ji bakin laima a ƙirjinka. A wurinsa kalma baƙuwa ce, kuma rashin tarbiyya ne baƙo ya shekara a gidanka ba ka tambayi garinsu ba.

Ciwon ya samo asali ne daga tashar jirgi. A Kaura layin dogo ya ƙare, kuma zamanin da gyaɗa ke da daraja shi ne mai buga waya a tashar, har sunan aikin, tangaraho, ya bi shi. Tsakanin jirgi da jirgi babu abin yi sai kallon ƙarfe. Wani Bature mai sayen gyaɗa ya tashi ya bar wani ƙaton ƙamus maras bango a sito, Yaya Bawa ya ɗauka ya shiga karantawa kamar littafin labari, daga farko. Gara ta riga shi zuwa wasu wurare, musamman can wajen ƙarshe, amma abin da ta bari ya haddace. Abin da ya fi so shi ne kalmomin da Turawan da kansu suka yar, waɗanda ko jikokinsu ba su sani ba. Marayu yake ce musu. Na sha ce masa ya sayi sabon ƙamus a Gusau, sai ya ce ƙamus na zamani yaro ne, bai ga jiya ba. Gaskiyar magana kuɗin ne ba ya son fitarwa.

Matsalar mai irin wannan ilimi ita ce abokin hira. Mu dai gyaɗa kai muke yi mu samu ya ƙyale mu. A duk faɗin Kaura mutum ɗaya ne yake iya mayar masa da martani, wato Mista Silbanus, wanda gari ya gajarce ya koma Silba. Ibo ne, Kirista, ya zo yana saurayi aikin reluwe a matsayin gad, wato mai kula da jirgi a kan hanya. Lokacin yaƙin basasa ya gudu, da ƙura ta lafa ya dawo, da ya yi ritaya kuma ya buɗe ɗan kemis a Sabon Gari. Zamfarci a bakinsa ya fi na wasu 'ya'yanmu. Shi kuwa ya yi makarantar mishan ta da, inda aka dura musu tsohon Turanci da bulala.

Kullum da hantsi su biyun za su hallara a bencin ƙofar shagona, su yi ta gardama har inuwa ta gudu. Kuma kowace shekara, in Kirsimeti ta matso, sai Silba ya ce, "Bana kam gida za ni, ba ni dawowa. Tsuhwa ya zo." Yaya Bawa sai ya tsuke baki ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Amma matarsa Hajo ta gaya mini duk ranar da aka yi wannan magana tuwonsa dawowa yake yi ba a taɓa ba. Abin da yake tsoro a duniya ke nan, ranar da Silba zai tafi da gaske, ko da yake da ya faɗa da bakinsa gara a yanka shi.

Yaya Bawa da kansa ya koya wa Silba kalmar da ta zame masa alaƙaƙai. Wai akwai wani tsohon limamin coci a ƙasar Turawa da ya yi shekaru yana karanta wata kalma ba daidai ba a cikin addu'a, yana cewa mumpsimus. Da aka gyara masa sai ya ce ba zai canza tsohuwar tasa da sabuwar tasu ba. Daga nan kalmar ta zama sunan duk mai taurin kai a kan kuskure. Yaya Bawa bai rufe baki ba Silba ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ashe kana da suna cikin littahi." Tun daga ranar Mamsi yake kiransa.

Babbar rigimarsu kuwa a kan nama ce. Akwai tsokar gadon bayan sa, mai taushin nan, da Turawa ke kira sirloin. Silba ya dage cewa wani sarkin Ingila ne aka gasa masa ita, daɗi ya kwashe shi, ya zare takobi ya ɗora a kan naman ya naɗa masa sarauta, ya ce daga yau sunanka Sir, kamar yadda suke wa jarumawansu. Yaya Bawa ya ce wannan tatsuniyar 'yan giya ce. Kalmar Faransanci ce, kuma ba ta nufin komai sai abin da ke bisa ga kwiɓi. Da ƙamus zai raba gardama, to daidai wannan wurin gara ta yi kalaci.

Ranar kasuwa sukan haɗa kuɗi su sayi tsokar wajen Ɗan Ige mai balangu, wai don su duba ta da kyau. Ɗan Ige da ya ji labarin sarauta, sai ya fara kiran tsokar "ranka shi daɗe", ya ƙara mata kuɗi. Ni kuma ina kan keke ina taka ɗinki, ƙamshi yana dukana, ina satar kallonsu. Wata rana Yaya Bawa ya ɗago da yanka a hannunsa ya ce, "Sani, matso."

Na tashi da sauri har almakashi ya faɗi.

"Abin ga da kake yi yana da suna. Mutanen arewacin ƙasar Turawa na ce mai groak. Wato mutum shi tsura ma mai cin abinci ido, bai cewa komi, yana jiran a ce bisimilla. Tsohuwar kalma ta, ba kowa ya san ta ba. Na ba ka ita kyauta."

Ya jefa naman a bakinsa. Silba ne ya ji kunya ya miƙo mini albasa.

Sau ɗaya tak na ga Yaya Bawa ya kashe wa wani kuɗi ba a tilasta shi ba, kuma saboda tsokar nan ne. Ya ji labarin wani malamin makaranta ɗan Nijar da ya zo ganin dangi a Jangeru. Ya hau mota zuwa Shinkafi, ya hau mashin zuwa Jangeru, ya lallaɓo bawan Allahn nan har bencin shagona, ya saya masa fura da nono. Malamin ya tabbatar cewa a Faransanci akwai kalma mai wannan sauti, kuma ma'anarta bisa. Yaya Bawa ya gyara zama, ya dogara haɓa a kan laima yana jiran a miƙa wuya.

Silba ya dubi ƙwaryar da malamin ya suɗe, ya ce, "Mai shaidar da anka saya ma hura, ko alkalin ƙauye bai karɓa tai."

Sai da na biya wa malamin kuɗin komawa, don Yaya Bawa ya ce tunda shaidar ba ta yi aiki ba, kwangila ta warware.

Mutum ɗaya na taɓa gani ya kai shi ƙasa, ita ce Hajo. An yi sunan jikarsu a Zurmi, mata sun cika tsakar gida ana ta hira ana dariya. Shi kuwa bai iya ganin taro ya ƙyale ba. Ya tsaya a bakin zaure ya yi gyaran murya, ya sanar da su cewa kalmar da Turawa ke kiran gulma da ita, gossip, asalinta ba mummuna ba ce. Da can tana nufin ɗan'uwa saboda Allah, daga baya ta zama sunan matan da ake gayyata zaman haihuwa, to daga abin da matan ke yi in sun taru ne ta koma gulma. Ya ce shi dai tarihi yake bayarwa, bai kama sunan kowa ba.

Hajo tana tuƙa tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, mun gode. To maza biyu da ka zama bisa benci tun hantsi, suna rigima kan naman da sun riga sun cinye, su mi Turawa ka ce musu?"

Ya ce zai duba. Bayan mun dawo Kaura na tuna masa, sai ya ce ya duba, gara ta cinye wurin.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara kowa ya ɗauki takardunsa ya nufi Gusau neman ofis, har da waɗanda takardar haihuwa kaɗai gare su. Su biyun ko gezau. Jirgi ya riga ya zama sai an ga dama, ciyawa ta fara cin layi, abokan aikinsu na da wasu sun mutu, wasu sun koma garuruwansu. Bencin nan shi ne abin da ya rage musu na tashar.

Da aka zo maganar Shari'a, Yaya Bawa ya yi murna kamar kowa, don mutum ne da ba a raba shi da sahun gaba. Aka rufe gidajen giya, mata da yawa suka huta. Amma kun san yadda abu sabo yake, kowane yaro mai ɗan gemu sai ya ga kamar shi aka ɗora wa nauyin. Wasu samari, ba wanda ya aike su, suka ji cewa a kemis ɗin Silba akwai kwalba mai ɗauke da sunan giya da Turanci. Ruwan nan ne mai sanyi da ake goge wurin allura da shi. Suka taho bayan azahar, su kusan goma, da ladabinsu dai, amma fuska a ɗaure. Yaro ya rugo ya gaya mana, na bi Yaya Bawa a baya, ban taɓa sanin yana da sauri haka ba.

Muka tarar Silba a tsaye bayan kanta, da kwalbar a hannunsa. Yaya Bawa ya ratsa su ya zauna a bakin ƙofa, ya gitta laima, ya karɓi kwalbar ya nuna wa babbansu rubutun.

"Karanta."

Yaron ya karanta, alcohol.

"Madalla. Ka san ubanta?"

Ai kuwa ya buɗe musu karatu. Ya ce kalmar ba ta Turawa ba ce, Larabci ce tsantsa, al-kuhul, wato kwallin da uwayensu ke sawa a ido, wanda maza ma ke sawa don sunna. Ya bi ta daga hannun Larabawa masu haɗa magani zuwa Andalus, daga nan zuwa hannun Turawa, yadda ta tashi daga garin kwalli ta koma sunan duk abin da aka tace, kafin ta lalace a hannun mashaya. Duk wanda ya motsa zai tafi sai laima ta tare shi, a ce ba a kai ƙarshe ba. Ya dubi babban nasu ya ce, "Kai ba ɗan Alhaji mai kanti ba ne? To kanti daga canteen ta hito, ita kuma hannun Italiya, ma'anarta ɗakin aje giya ƙarƙashin ƙasa. In sunaye za mu bi, mu hwara da gidanku, ya hi kusa."

Kiran la'asar ne ya cece su. Suka fita suna rige-rige, kuma daga ranar in suka hango baƙar laima sai su canza hanya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da na juya na ga Silba bai yi ba, yana ta goge kantar da babu ƙura a kanta.

Ba a daɗe ba aka yi tashin hankalin Kaduna. A Kaura ko tsinke ba a jefi kowa da shi ba, amma labari yana zuwa da direbobi, kowane ya fi na jiya muni. Sabon Gari ya fara yin shiru, yau ka ga wannan shago da kwaɗo, gobe wancan. 'Ya'yan Silba da ke can gabas suka yi ta aiko saƙo, matarsa da muke kira Madam ta daina barci. Mutumin da ya taɓa gudu sau ɗaya da rigar jikinsa kaɗai, ba ka da bakin ce masa kada ya ji tsoro.

Ya zo benci da hantsi kamar kullum, ya zauna, bai cire hula ba. Ya ce, "Mamsi, mun sami mota. Jibi za mu tahi."

Ba lokacin Kirsimeti ba ne, kuma bai ce tsufa ya zo ba. Na tsayar da keke. Yaya Bawa ya dubi layin dogo ya ce, "Ka san Turawa sun taɓa samun kalmar jibi? Overmorrow. Sunka yi sakaci da ita ta mutu. Yanzu sai su ce ranar da ka bin gobe, awa masu ciwon baki. Mu ko ga gobe, ga jibi, ga gata, ga citta. Matsiyata ne wajen kwanakki."

Silba ya ce, "Haka ne." Ya ɗan ƙara zama, ya tashi ya tafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Yaya Bawa, kai wane irin mutum ne? Abokinka na shekara da shekaru ya ce zai tahi, ka rasa abin ce mai sai jibi da gata? Ka ce mai shi zauna mana."

"In ce mai shi zauna, in wani abu ya same shi hwa? Ni ka tsaron garin?"

Na koma kan ɗinkina. Ranar ko kalma ɗaya bai tambayi ubanta ba, har wani ya zo karɓar ɗinki ya ce singileti a gabansa ya wuce lafiya.

Ranar tafiya na je tashar mota da safe. Babbar mota ce ta katako, an loda kujeru da katifu da buhunan kaya, iyalai uku ne suka haɗa. Madam tana gaba kusa da direba, Silba yana sama a kan katifa, ya rungume jaka. Maƙwabta sun zo sallama, Ɗan Ige ya kawo kilishi a takarda, Hajo ta aiko da daddawa da kuka. Yaya Bawa ne babu. Silba yana gaisawa da mutane amma idonsa yana kan hanya.

Sai da direba ya tada mota sannan ya ɓullo, cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana tafiya a hankali kamar ba shi ake jira ba. Ya tsaya a gindin motar ya ɗaga kai. Hannunsa babu komai sai laima.

"Silba."

"Na'am."

"Zancen tsokar nan. Na yi tunani. Kai ad da gaskiya, sarki ne yan naɗa ta."

Mutumin da bai taɓa cewa na yi kuskure ba ko a kan lokacin sallah, ga shi a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu talla, ya sauke abin da ya riƙe tun kafin in yi aure.

Silba ya leƙo. "Mi ka ce?"

"Na ce sarki ne. Allah shi kiyaye hanya."

Na zaci Silba zai yi dariya ko ya yi kuka. Sai na ga fuskarsa ta murtuke. Ya ajiye jaka.

"Ba ka isa ba, Mamsi. Sadaka ka ba ni? Na yi ma kama da mai bara? Wace sabuwar hujja ka samu tsakanin shekaranjiya da yau?"

"Ba ni bukatar hujja."

"To ni ina bukata. Ba ni ɗaukar ƙarya in kai gida. In za ka yarda, ka yarda don na kada kai, ba don ka ga na hau mota ba."

Yana magana yana saukowa, ƙafa ɗaya a kan taya, ɗaya tana lalube, sai da 'yan kamasho suka tare shi. Direba ya danna ham. Su biyun suna tsaye hanci da hanci, Silba yana lissafa hujjojinsa da yatsu. Madam ta leƙo ta taga ta kira sunansa cikakke, ta yi masa magana da harshensu, ya amsa mata a gajarce bai juya ba. Ta dubi Yaya Bawa. Sannan ta ce, "Malam Bawa, ga shi nan, na bar ma. Na gaji da ku duka biyu. Hawan jini gare shi, kada a ba shi gishiri." Ta ce wa direba su tafi.

Motar ta fita da jakarsa da komai nasa. Sai da ta sha kwana sannan Yaya Bawa ya gyara laima a hammata ya ce, "To tunda ba ka so, na janye. Faransanci ne."

"Ƙarya kake," in ji Silba, suka kama hanyar shagona.

Daga baya na tsare shi ni da shi, na ce ya gaya mini tsakani da Allah, dabara ce ya shirya don ya san halin mutuminsa? Ya girgiza kai. Ya ce, "Wace dabara? Mutum zai yi tahiyar da ba dawowa, dole ka ba shi guzuri. Na duba gidana kakaf, ban ga abin da yak kai wannan tsada ba." Na yarda da shi, don da ya faɗa bai iya duban idona ba.

Silba ya zauna a ɗakin da ke jikin zauren Yaya Bawa. Ni na ɗinka masa kaya kala biyu, riga da wando irin namu, har da hula, in ka gan shi sai ka ce wani limamin Kasuwar Daji. Hajo ta ɗauki amanar Madam da gaske, gidan gaba ɗaya aka koma cin miya salam, Yaya Bawa yana ci yana cewa an samu sauƙin cefane. Ranar Lahadi shi yake tashin Silba kada ya makara coci. Bayan damina Madam ta dawo da rabin kayan, aka sake buɗe kemis, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Sun ƙara 'yan shekaru a kan bencin. Sannan Yaya Bawa ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba, Allah ya karɓi abinsa wata safiya bayan ya idar da sallah. Da aka yi masa sallah Silba yana can baya a tsaye shi kaɗai, hula a hannu. Ya bi mu har maƙabarta da ƙafa, duk da gwiwarsa. Kwanakin zaman makoki kuwa yana kan tabarma tare da mu, mutane suna yi masa gaisuwa kamar yadda suke yi wa dangi, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Bayan sadakar arba'in ya zo shago ya ce mini zai koma gida. Lokacin gari lafiya lau, Sabon Gari ya sake cika, ciniki yana tafiya. Na ce, "Mista Silba, ai yanzu ba abin tsoro." Ya ce ya sani.

Na raka shi da Madam tasha. Kafin ya hau, don in ga ya yi murmushi, na ce, "To yanzu da ba shi, gaya mani gaskiya. Tsokar nan, wa ad da gaskiya?"

Ya ɗaga murya yadda ya saba, har masu talla suka juyo. "Sarki ne. In ya isa shi zo shi musa."

Sai ya yi shiru, ya karkata kai kaɗan, yana saurare kamar mai jiran Yaya Bawa ya amsa. Mun tsaya haka ni da shi. Daga nan ya share fuska da hannun riga ya hau mota. Na laluba kaina kaf ko zan sami gardama guda ɗaya da zan jefa masa ya sauko, ban samu ba. Duk shekarun nan ina jinsu, gyaɗa kai kawai na iya. Motar ta tashi ina tsaye.

Allah ya jiƙan Yaya Bawa, ya yafe masa taurin kai da rowar nama, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Shi kuma tsohon da ya bari, in yana raye a can garinsu, Allah ya ba shi wanda zai musa masa magana. Amin.